Hannun da ke Gefen Hoto

Daren Laraba, an ɗauke wuta a Mabera,
na jingina da buhun gero, waya a tafin hannu,
ina kallon fim ɗin kyanwoyin Japan
da Jabbi ya turo, ya ce in sha mamaki.

Na kuwa sha.
Ga tsibiri, maguna sun fi mutane yawa,
suna jiran jirgin ruwa kamar masu jiran albashi.
Ga shagon shayi inda ake biyan kuɗi
don kawai mage ta hau cinyarka ta yi barci.
Ga 'yar kyanwar tangaran a bakin kanti
tana ɗaga hannu, tana kiran ciniki,
ba ta gajiya, ba ta neman la'ada.

Duk wadda aka nuna, gashinta a taje,
idonta biyu, wutsiyarta cikakkiya.
Duk wanda ya yi magana, an rubuta sunansa a ƙasa:
likita, mai zane, farfesa mai furfura.

Sai a minti na talatin da ɗaya,
can gefen hagu, wani hannu ya shigo
riƙe da tsumma, ya goge kwanon abinci, ya fita.
Hannu mai duhun fata, babban yatsa naɗe da filasta.
Na mayar baya. Na sake mayarwa.
Sau huɗu. Ba fuska, ba suna,
mai sharhi ma bai tanka ba.
Ɗan wace ƙasa ne? Da wane harshe yake kiran mage
in masu kyamara sun watse?

Na kwana da abin a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Da safe na ce ni ma zan yi namu.
Na nufi Tsohuwar Kasuwa, layin 'yan kifi,
inda muzurun nan mai ido ɗaya yake mulki,
kunnensa a yage tun faɗan bara.
Inna Tumba na feɗe tarwaɗa tana jefa masa hanji,
Hamani na korarsa da Zabarmanci,
Mama Obiageli mai banda kuwa
ta raɗa masa suna da yarensu, yana kuma amsawa.
Suna uku gare shi, duk yana ci da su.

Na durƙusa, na saita.
Na jira rana ta sauka a kan gashin bakinsa.
Na kauce wa kwata. Na kauce wa ƙudaje.
Minti shida, abin gwanin sha'awa.

Na miƙa wa Inna Tumba.
Ta goge hannu a zane, ta ƙanƙance ido,
ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba.
Sannan ta ce, "Mussa kam ta yi kyawo, ɗana.
Amma wanga hannu da ka jehwa hanji,
na wa na?"

Na duba.
Can gefen dama, hannu,
da lallen da ya fara koɗewa, da jinin kifi,
ya shigo, ya fita.

Shekara goma ina sayen kifi a wurinta,
ban taɓa tambayar sunanta na yanka ba.

Na ja da baya taku uku, huɗu,
har ta shigo duka, da kujerarta,
da kwatar, da ƙudajen, da Hamani yana susar ƙeya.
Ta ce, "Tsaya in gyara kallabi."

Kafin ta gama, muzurun ya tafi abinsa.
Na ci gaba da ɗauka.