Abin da Bango Zai Iya Ɗauka

Kati goma sha tara ne.
Na ƙirga su a kan tabarma bayan la'asar,
daga gwangwanin biskit ɗin da Inna ta ɓoye
a ƙarƙashin gado shekara talatin.
Kawu Labbo ne ya aiko su ɗaya bayan ɗaya,
zamanin da jirgin ƙasa ke sauke numfashi a Ƙauran Namoda,
ya sha ruwa, ya juya kudu.

Ga gadar Jebba, kogin da ke ƙarƙashinta ya koɗe.
Ga bakin teku a Ikko.
Ga kasuwar Kumasi da wata mata mai ɗauke da kwando.
Ga wani gari da ƙanƙara ta rufe,
hatimin kan sarkin ya goge sunansa,
kuma na tabbata Kawu bai taɓa taka shi ba,
saye ya yi don ya burge mu.

Na je wurin Modi kafinta, bayan tsohuwar tasha.
Ya zaro mini firam na maɗaci,
bakinsa ya sha ruwan zinariya,
gilashinsa kamar na tagar banki.
Ya ce, "Wanga shi aka yayi, Hajiya."
Na ɗaga da hannu biyu, na tuna bangon ɗakina:
jar ƙasa ce, siminti shafe kawai,
bara agogo ya faɗo da ƙusarsa da ɓallin bangon duka.
Na ce, Modi, wannan ai na hoton manya ne.
Takardar da iska ke iya ɗauka
me za ta yi da gida mai nauyin dutsen niƙa?

Ya yi dariya, ya sosa kunne da fensir.
Cikin guntayen da yake hura wutar shayi da su
ya tsamo farin katako, siriri kamar yatsa,
ya goge shi har ya yi santsi.
Kusurwa huɗu, ƙananan ƙusoshi takwas,
kwali a baya, roba garai-garai a gaba.
Ya miƙa hannu ga fenti, na ce a'a,
idon katako ya isa ado.
Na ɗora a tafin hannu,
bai fi faifai nauyi ba.

Sau biyu ya ce albarka,
a na uku ya sallama.

Ran Asabar jikata Balaraba ta ja zare,
ni ina buga ƙusa da dutsen guga.
Layin bai miƙe ba. Mun bar shi.
Jebba ta ɗan karkata wajen Kumasi,
kamar masu raɗa a gidan biki.

Sai da na zo kan na ƙarshe hannuna ya tsaya.
Hoton ba wani abu ba ne, otal da itacen kwakwa.
Amma a bayansa, da shuɗin biro mai yoyo:
"Ku gaida Ige. Ku ajiye mini fura.
Ina nan tafe da damina."
Damina ta zo, ta sake zuwa,
har muka daina ƙirge.

Na sa shi a firam baibai.
Otal ya fuskanci bango,
rubutun ya fuskance mu.

Duk baƙon da ya shigo sai ya ce,
"Hajiya, kin juya wannan."
In ce, na sani, zauna ka sha ruwa.

Yanzu awaki ke kiwo a kan layin dogo,
ciyawa ta haɗiye ƙarfe.
Amma da dare, in iska ta shigo ta taga,
firam ɗin nan marasa nauyi sukan motsa,
su riƙa taɓa bango a hankali,
ƙas, ƙas, ƙas-ƙas,
kamar wani abu yana tahowa daga wajen Gusau.
Ba ko ɗaya da ya faɗo har yau.