Saura Kwana Biyu Suna

Ba ki da suna tukuna.
Kwananki biyar a duniya,
kwanana biyar ina koyon zama uwa.
Ajinmu ɗaya, ni da ke.

A asibitin Wusasa, tun gumi bai bushe mini ba,
Sista Rifkatu ta kifa ki a ƙirjina, fata da fata,
ta ce, "Bar ta ta laluba."
Kika laluba kuwa, ido rufe,
kamar wadda aka yi wa kwatance tun a ciki.

Abin da ya fito ɗigo ne, rawaya, mai kauri,
ko cokali bai cika ba.
Gwaggo Marka ta leƙa, ta yamutsa fuska:
"Dakashi ne. A tatse a zubar, haka aka yi mana."
Sista ba ta ɗaga murya ba:
"Gwaggo, rigakafin farko ke nan, ba allura, ba ko kwabo.
Cikin nata bai fi kanya ba. Ya ishe ta."

Shekaranjiya na sha wuya.
Kan kawai kika kama, kina ja,
zafi ya bi gadon bayana har tafin ƙafa,
na ciji ɗankwali kada a ce raki gare ni.
Sai na tuno abin da aka nuna mini:
cikinki a manne da nawa,
in shafa kan nono a leɓenki na sama,
in jira,
in jira sai kin wangale baki kamar mai hamma,
sannan in jawo ki, ba ni in sunkuya ba.
Ki cika baki har da baƙin kewayen,
haɓa ta nutse, leɓen ƙasa ya juyo waje.
In da zafi, ƙaramin yatsa ta gefen baki, a raba, a sake.
Sau huɗu muka sake.
A na biyar na ji haɗiya: ƙut, ƙut, ƙut.
Na yi kuka, ba na zafi ba.

Jiya ƙirjina ya zama Kufena,
duwatsu biyu, rana ta gasa.
Na matsa kaɗan da tsumma mai ɗumi,
kika zo da bakin nan naki marar haƙori
kika narkar da dutse.

Bazara ce, an kuma ɗauke wuta a Gyallesu.
Gwaggo ta shigo da ruwa a cokali:
"Ko tsuntsu na shan ruwa a wannan zafi."
Na ce, "Miƙo, ni zan sha mata."
Na shanye, na bi da moɗa biyu da kunun gyaɗa.
"Ruwanta yana cikin nonon, Gwaggo.
Wata shida, ba ruwa, ba koko, ba zuma."
Ta yi tsaki ta fita.
Amma ɗazu na hango ta gindin igiyar shanya
tana ƙirga tsummokin fitsarinki da yatsa.
"Shida," ta ce wa kanta. "To, tana samu."

Ba na duba agogo, ba na jiran kuka.
Da kin soma tsotsar hannu kina waige-waige,
na san ni ake kira.
Nono rijiya ce: yawan ja, yawan ɓuɓɓuga.

Ga ladan ya fara assalatu.
Kin saki da kanki, hannu ya sake, yatsu sun baje.
Na mai da awarwaro hannun hagu
don in tuna ta inda za mu fara anjima.
Na saɓa ki a kafaɗa, ina bubbugawa,
kika yi gyatsa irin ta dattijo.

Jibi za a raɗa miki suna.
Ni kam, kin riga kin raɗa mini nawa.