Abin da Ban Auna Ba

Shekara talatin da biyar ina jan igiyar awo,
Daga Kabuga zuwa Hotoro ina kafa turaku,
Kai a sunkuye, ido a ƙasa,
Ban taɓa tambayar su wa ke sama suna wucewa ba.

Ran da aka ba ni agogon bango da takardar yabo
Na dawo gida da hantsi,
Uwale ta dube ni kamar baƙon da bai yi sallama ba.
Na zauna gindin darbejiya ina jiran azahar,
Sai wata 'yar ja, ba ta fi babban yatsana ba,
Ta sauka bakin turmi tana tsintar tsaki.
Ta kalle ni, ta ci gaba, babu ko gaisuwa.

Ni da na haddace lambar fuloti dubu,
Sunan mai cin tsakin gidana ya gagare ni.

A Ƙofar Wambai na sayi madubin hangen nesa,
Na gwanjo ne, idonsa na hagu ya tsage.
Sadisu, tsohon direban ofishinmu,
Ya tashi Fijonsa mai ƙofa ɗaure da igiya.
Duk Alhamis, mun sallame asuba,
Gurasa a leda, shayi a fulas,
Mu bi ta Panshekara mu gangara Challawa.

Can muke ajiye mota mu taka sayyada.
Ƙarangiya ta kama wando, gwiwa na ƙara,
Sadisu na mita, yana kuma riga ni gani.
Ga zalɓe tsaye a ruwa da ƙafa ɗaya,
Kamar darakta na jiran a kawo masa fayil.
Ga balbela sahu-sahu cikin fararen kaya,
Carki bisa tozon sa yana karɓar haraji,
Kirinjijiya sun tashi da fito,
Ragon maza a duhuwa yana ɓulɓular da gora,
Daga ƙarƙashin ƙafata kuma, fir! makwarwa.

Fansho ya yi wata uku bai leƙo ba.
Ita ko ba a kiranta tantancewa,
Hadari na haɗowa ta sauka kan tsamiya,
Ba ta taɓa saɓa mini ba, shamuwa.

Akwai shafin da na bari fari, na ungulu.
Da ƙuruciya jifan su muke a mahauta.
Bana damina ta uku ke nan ina dubawa.

Wata Asabar na nemi kududdufin bayan gidanmu na da,
Inda kazar ruwa ke taka bado.
Shaguna na tarar, hawa biyu, ana sayar da tayil.
Na duba kusurwa, ga turken siminti,
Lambar jikinsa rubutun hannuna ce.
Na daɗe a wurin, har mai shago ya ce,
Alhaji, wane launi kake nema?

Saura guda a unguwar, rabinsa bola.
Ina tsaye da littafi samari suka zagaye ni:
Baba, shi ma an sayar ne?
Na buɗe musu shafin: zalɓe ɗaya, kazar ruwa biyu.
Suka yi dariya suka watse,
Sai ƙaraminsu, Ilu, ya ce in ba shi ya gani.
Ya rufe ido ɗaya, ya yi tsit,
Har aka kira magariba bai da niyyar mayarwa.

Wani masunci a Challawa ya faɗa mini sunanta:
Baiwar Allah. Kuma jan, in ji shi, namijin ne.
Uwale, mai cewa tsufa ya taɓa ni,
Ita ke cika kasko da ruwa yanzu.
Jiya ina cire takalmi ta ce, ba ta ko juyo ba,
Baƙonka ya zo da matarsa, sun sha, sun tafi,
Kai kana can kana yawon nemansu a dawa.