Gadin Dare a Garwa

Shekara tara ke nan ina gadin ma'ajiyar auduga
a bakin Binuwai, inda dorina ke huci cikin duhu.
Kayan aikina ba yawa:
tocila mai batir uku, usur, da gorar da na gada wurin kawuna.
Na san takun ɓarawo, na san na akuya,
na san kukan kwano in iska ce ta taɓa shi.

Ran da fasto Filibus ya ce mana muna cikin yaƙi,
sai na dubi katanga.
Na zaci maƙiyi zai zo da ƙaho da jan ido,
ko ya biyo ta ƙullin da aka binne a ƙofar gida,
ko ya shiga rigar Barnaba maƙwabcina,
wanda ya ci mini taku huɗu na gona bara.
Kwana uku na yi azumi a kan Barnaba.
Ni na rame, ƙiyayyata ta yi ƙiba.

Sai daren Talata.
Damaris 'yata tana kwance asibiti, ruwa na ɗiga a hannunta,
takardar magani ta yi laushi a aljihuna don zufa.
Ƙarfe biyu da rabi wani direba ya kashe fitila,
ya sauko, ya gaishe ni da sunan ubana.
Ya ce, "Dila biyu kacal.
Kai dai ka zaga bayan gini ka kama ruwa.
Jaka talatin, ga su, sabbin sefa."

Ba ƙaho. Ba ƙaurin wuta.
Ƙamshin turare ma yake yi.
Muryar kuwa da ta fi tasa zaƙi
daga ƙirjina take tasowa, da irin lafazina:
Kamfani ba ya kuka a kan dila biyu.
Wa ya gani?
Ai don yarinya ne.
Allah ma ya san kuɗin ƙarin ruwa.

A nan na gane inda fagen yake.
Shekara tara ina haska waje,
ɓarawon na zaune kan bencina yana shan shayina.

Gora ba ta dukan wannan,
usur ba ya tara masa jama'a.
Na laluba doguwar addu'a irin ta dattawan majami'a,
bakina ya bushe ƙamas kamar rafin Marwa da rani.
Abin da ya fito kalma uku ne:
Yesu, riƙe ni.
Na sake faɗa, gwiwa na kaɗawa.

Ban ga mala'ika ba, kada in yi muku ƙarya.
Sauro dai na cizo, kwaɗi na ta surutu.
Amma na ji bakina ya ce a'a,
'yar ƙaramar a'a mai tatata,
ta yi tangaɗi, ta tsaya da ƙafarta.
Direba ya ja tsaki, ya zagi talaucina, ya tashi mota.

Da asuba na taka asibiti hannu wofi.
Barnaba na tarar a bakin gado,
matarsa na fifita kunu a kwanon sha.
Shi ya biya ledar ruwa ta biyu.
Bai ce uffan kan gona ba.
Ni ma na sunkuya ina gyara igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.

Taku huɗun nan har yau suna wurinsa.
Sauran kuɗin magani ina biya da kaɗan-kaɗan.
Mai muryar nan kuma bai yi hijira ba:
jiya ya dawo da rigar tausayin kai,
shekaranjiya da ta alfahari,
yana ce mini, "Wane mai gadi ne kamarka a Garwa?"

Yanzu in magariba ta yi
nakan duba kwaɗon babbar ƙofa, in girgiza shi sau biyu,
sannan in durƙusa bayan buhuna
in miƙa mabuɗin ɗaya ƙofar
ga Wanda ba ya gyangyaɗi.