Jirgin da Ba Ya Barin Ɗaki

Ƙarfe biyar da rabi a Nottingham,
duhu bai ko fara naɗe tabarmarsa ba.
Na ɗaura ɗamarar roba a ƙirji,
sanyinta kamar hannun likita,
na hau jirgin da ba ya barin ɗaki:
kujera mai sulɓi, sarƙa, fanka mai huci,
da ɗan allo mai tona asirin zuciya.

Saba'in da takwas, in ji allon,
ban ko taɓa sandar ba tukuna.

Maxine ce ta yi mini lissafin farko
a bayan takardar cefane.
"Shekarunka nawa, Tanimu?" Hamsin da biyu.
"Cire su daga ɗari biyu da ashirin."
Ɗari da sittin da takwas, rufin ɗakina ke nan.
"Ƙiyasi ne," ta ce, "ba wahayi ba,
kowace zuciya da irin gangarta."

Makon farko na ja kamar ana bi na bashi.
Ɗari da hamsin da biyar, allo ya yi jawur,
minti huɗu na sauko ina ganin taurari a silin,
harshe ya bushe kamar tsohon takalmi.
Ta miƙo ruwa. Dariyar sai daga baya.

"Sauko ƙasa, kada ka wuce ɗari da sha takwas.
Ka ja, ka ba ni labari.
In magana ta yanke a tsakiya, ka yi yawa."

Sai na ba ta labarin Yawuri,
na Baba da kwalekwalensa,
yadda yake kwasar mata da buhunan albasa
zuwa tsallake ran kasuwa, sawu tara, sawu goma,
yana tuƙi yana ciniki, yana gai da masu wanki,
filafili na shiga ruwa ba fantsama.
Na kai ƙarshen zance da numfashina a hannu,
allo na cewa ɗari da sha biyu.
Ashe nan tsohon ya zauna shekara arba'in
bai taɓa sanin lambar gidan ba.

Sama da nan akwai wani hawa,
ɗari da talatin, inda zance ke zama guntu-guntu:
eh, a'a, saura nawa?
Sama da shi cinyoyi kan kama da wuta,
ɗari da arba'in da biyar, gishiri a ido.
Can Baba kan je in hadari ya taso daga gabas
da jirgi cike a tsakiyar kogi.
Ba ya kwana can.
Ni ma ran Alhamis kawai nake leƙawa,
minti biyu in dawo, minti biyu in dawo.
Jan ɗakin can ƙoli kuwa, gaisuwa a tsaye.

Mafi wuya shi ne tafiya a hankali
alhali ɗan jami'a a injin kusa
na fizgar sarƙa kamar zai tsinke ta.
Zuciya ta ce bi shi.
Ɗayar, ta naman, ta ce kai dai.

Akwai safiyar da lamba kan tashi ba gaira:
na kwana tuƙa bas, ko mura na hanya,
ko an kira daga gida ƙarfe biyun dare.
Ranar nakan sassauta.
Allo ba ya ƙarya, amma bai san labari ba.

Wata bakwai ke nan.
Jiya na riga ƙararrawa tashi,
na sa yatsu biyu a wuya: sittin da huɗu.
Uwani ta juyo, "Me kake ƙirgawa a duhu?"
Na ce kuɗin fito.

Yanzu ta taga kogin Trent na fita daga hazo,
masu jirgin gaske na wucewa, takwas a jere.
Ban bi su da ido ba.
Mita dubu takwas, ban matsa taku ɗaya ba,
amma na ji yashi ya taɓa gindin jirgi,
na ajiye sanda, na sauka a tsallake.