Kilo Biyu

A kan ma'aunin fulawa na ɗora ta,
cikin kwanon da nake kwaɓa cincin.
Kilo ɗaya da giram ɗari takwas.
Ta harare ni, ta lashi ƙafa, ta dire.

Likitar dabbobi a nan Bradford ta ce
wata huɗu, kilo biyu, sai a kawo ta,
kuma kada ta ci komai tun dare.
Ta faɗa kamar mai karanta lokacin bas,
ta miƙo kati, Talata a rubuce.
Na manna shi a jikin firji,
kusa da takardar kuɗin gas.

Toka muke ce mata, don launinta.
Kyanwar Lami ce, ba cizo, ba yakushi,
sai barci a kan bututun ɗumama ɗaki.

Babana bai taɓa duba kalanda ba.
Yakan kama ɗan akuya, ya shafa tsiron ƙaho,
ya ce da saura, ko ya ce ya isa.
Baɗi war haka taure ya cika ido.
Amma wannan sha'anin maza ne.
Ban taɓa jin an rufe wa mace ƙofa ba
tun kafin wani ya ƙwanƙwasa.

Inna a waya ta yi salati.
Har mage? Me ta tsare muku?
Ku bar ta ta haihu ko da sau ɗaya,
ta san ɗumin ɗa a gefen ciki.
Na ce Inna, a can bayan rumbu suke haihuwa,
ba mai ƙirgawa, shaho ya ɗauki rabonsa.
Nan mai gida ya rubuta: dabba ɗaya.
Misis Holroyd ta ƙasan benenmu,
mai aikin sa kai a gidan kyanwoyin da aka yasar,
ta ce keji ya ƙare, har a banɗaki suna ajiyewa.

Ga kuma jan muzurun nan mai yagaggen kunne,
tun makon jiya yake zama kan katanga,
bayan kwandunan shara, cikin yayyafi,
da haƙurin mai bin bashi.

Rumasa'u, 'yar shekara tara,
ta riga ta raɗa wa 'ya'yan suna.
Na gani a bangon littafin lissafinta:
Gyaɗa, Alewa, Kwabo,
na huɗun ta goge, ba ta yanke ba tukuna.

Abin da ban gaya wa kowa ba:
akwai tabo a ƙasan cibiyata.
Daren da aka haifi Rumasa'u
jini ne ya zaɓi rana, ba ni ba.
Na farka na tarar an gama shawara.
Na rayu. Na gode wa Allah. Har gobe ina godiya.
Sai dai hannuna kan je wurin
ba tare da na aike shi ba.

Lahadi na sake auna ta.
Kilo biyu da ɗan ɗoriya.
Na sauke, na goge kwanon, na sake.
Ma'auni bai san kara ba.

Daren Litinin, ƙarfe takwas,
na ɗauke tasarta, na ɗora kan firji.
Ta zagaya ƙafata tana tambaya.
Na zauna a ƙasa, kan sanyin tayil,
na gaya mata komai da Hausa,
don kada gobe ta farka
ta ce ba wanda ya faɗa mata.