Gurbi Na Bakwai

Duk daren Lahadi nake buga ta,
takarda ɗaya, gaba da baya,
a tsohon injin da makarantar Quemchi ta yasar
shekarar da na ajiye alli.
A tsakiya, lokacin cikar teku da na janyewarta,
da sa'ar tashin jirgin fito.
A gefe kuwa gurabe takwas na zana da rula,
kowanne bai fi kwalin ashana ba.
Nan ce kasuwata.

Feso dubu biyu gurbi, na mako guda.
Haka na rubuta, har na ja layi a ƙasa,
amma a tsibirin nan farashi fatar baki ne.

Nibaldo mai gyaran injin kwalekwale
ya kama na ɗaya tun fitowar farko.
Bai taɓa miƙo mini kuɗi ba.
In rufina ya fara yoyo sai in gan shi da tsani,
ya hau, ya buga, ya sauko,
ya ce, "Malama Eduvina, na biya wata uku ke nan."

Orfelina tana tallar safar ulu,
tana biya da rabin buhun dankali
haɗe da mita: wai na ajiye ta kusa da mai akwatin gawa,
wa zai sayi safa yana tuna kabari?
Na matsar da ita sama.
Shi mai akwatin bai damu da maƙwabci ba,
ya ce kowa na tafe, da talla ko babu.

Na yi lissafi ran nan a bayan ambulan:
tawada, takarda, kuɗin motar kaiwa kantuna.
Abin da ya rage bai wuce sukari kilo ɗaya ba.
Ɗana ya yi dariya a waya daga Puerto Montt,
"Mama, wahalar ta fi romon."
Na ce da shi, da babu gara ba daɗi.

Wani saurayi ya zo daga kamfanin kifi,
takalminsa bai san taɓo ba.
Bayan takardar yake so gaba ɗaya,
shekara guda, kuɗi hannu.
Sharaɗinsa ɗaya: ɗan layin nan da nake sawa
idan ruwa ya yi ja, kifi ya taso matacce,
in daina.
Na zuba masa shayi.
Na daɗe ina kallon adadin da ya rubuta.
Ba zan yi ƙarya ba, na hango sabon rufi a ciki,
na hango haƙoran da likita ya ce in sa.
Na ce ya dawo jibi.
Da ranar ta zo na lafe a ɗaki
kamar wadda ake bi bashi,
har ya gaji da ƙwanƙwasa.
Ba jarumta ba ce, na sani.

Mai biya a kan kari mutum ɗaya ce,
Clorinda, ta gurbi na bakwai.
Ran Juma'a take zuwa, kuɗin a ƙulle cikin hankici.
Na tambaye ta me za a rubuta,
ta ce, "Kada ki rubuta komai."
A nan Belarmino yake sa tallar ƙaguwarsa
kafin daren da kwalekwalensa ya dawo shi kaɗai.
Shekara huɗu ke nan gurbin yana fari fat.
Masu kanti sun tambaya ko tawada ce ta ƙare.
Wani ya taya ninki biyu,
na ce an kama.

Masunta kan ninke takardar su cusa a hula.
Ruwa ya jiƙa ta, tawada ta zuba,
sunan Nibaldo ya malala cikin safar Orfelina,
ran Asabar a nannaɗe kifi da ita.

Shekaranjiya na tsinci guda a bakin gaɓa.
Cikin farin gurbin wani ya rubuta da fensir,
rubutun mai sauri:
"Juyo gida kafin ƙarfe biyar."

Na busar da ita a gefen murhu.
Har yanzu ban yanke ba
ko in nuna wa Clorinda.
Gobe Juma'a.